Sai na kumbura kaina za a gan ni a LinkedIn?

Tambaya: Ina aikin nazarin alƙaluma a wani kamfanin jigilar kaya, shekarata huɗu a kai. Na biya wani mai horar da mutane kan gina suna a intanet ya duba shafina na LinkedIn, dandalin ma'aikata da masu neman aiki. Ya ce in sa wa kaina taken "ƙwararriya kuma jagora a fannin alƙaluma". Ya ce in rubuta cewa ni na rage wa kamfanin kuɗin jigila da kashi 18 cikin 100, alhali mu shida muka yi aikin, ba ni ce shugaba ba, nawa ɓangaren shi ne tattara bayanan tafiye-tafiyen motoci da gyara su. Ya kuma ce in riƙa ba da labarin wahalhalun rayuwata don mutane su ji sun kusance ni. Raina bai kwanta ba. Amma ina ganin waɗanda na fi su sanin aiki suna samun gayyata saboda irin wannan rubutun. Ina iyakar tallata kai, ina ƙarya ta fara?

Amsa: 'Yar'uwa, rashin kwanciyar ran nan da kika ji yana da amfani, kada ki yi saurin kashe shi. Sai dai mutumin nan abubuwa uku ya ƙulle miki a ƙunshi ɗaya, kuma hukuncinsu ya bambanta. Maganar kashi 18 ƙarya ce tsagwaronta idan kika rubuta ta yadda ya ce. Taken da ya ba ki iska ce kawai, ba zai kai ki ko'ina ba. Labarin wahalhalu kuwa zaɓinki ne, yinsa ko barinsa bai taɓa gaskiyarki ba. Aikina tantance masu neman aiki ne, na daɗe ina karanta shafukan mutane ina kuma zama da masu shafukan a intabiyu, don haka daga wannan kujerar zan ba ki amsa.

Akwai inda yake da gaskiya. Shafin da aka rubuta "ma'aikaciya a sashen alƙaluma" aka tsaya ba ya yi wa mai shi aikin komai. Mai neman ma'aikaci ba ya zama ya bi shafuka ɗaya bayan ɗaya. Kalmomi yake zubawa a akwatin bincike, sunan manhaja, sunan fanni, sunan muƙami, jerin mutane ya fito masa, ya leƙa kowanne na ɗan lokaci ya wuce. An buɗe LinkedIn a 2003, Microsoft ya saye shi a 2016 kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 ya sanar cewa masu rajista sun kai biliyan ɗaya. A irin wannan cunkoso, idan ba ki faɗi abin da kika iya ba, babu wanda zai faɗa a madadinki.

Ita kanta dabarar tallata kai ta girmi LinkedIn. A 1997 Tom Peters ya rubuta wata maƙala a mujallar Fast Company yana cewa kowane ma'aikaci ya ɗauki kansa tamkar kamfani mai nasa tambarin. Masu horarwa na yau sun riƙe wannan rabin, sun saki ɗaya rabin, domin tambayar da Peters ya sa a gaba ita ce: me kake yi mai amfani, wanda za a iya aunawa, wanda ya bambanta ka da sauran? Aikin ne farko a wurinsa, tallan ya biyo baya.

Kada kuma ki ɗauka cewa duk wani tsara kai yaudara ne. Masanin halayyar jama'a Erving Goffman ya bayyana tun 1956 cewa kowane mutum yana da fuskar da yake nunawa a gaban jama'a da wadda yake saki idan ya koma bayan labule. Likita a gaban majinyaci daban yake da likita a ɗakin hutun ma'aikata, kuma babu wanda zai ce ya yi ƙarya. Kina da damar zaɓar abin da za ki sa a gaba, abin da za ki taƙaita, da abin da za ki yi shiru a kansa gaba ɗaya. Abin da ba ki da dama a kai shi ne ki sa mai karatu ya gaskata wani abu game da aikinki wanda kin san ba haka yake ba, ko da kowace kalma da kika rubuta, idan aka cire ta ita kaɗai, za a iya kare ta.

Ma'aunin da nake ba mutane ɗaya ne. Ki ɗauka abokan aikin nan biyar, har da wanda ya shugabance ku, suna tsaye a bayanki suna karanta layin da kika rubuta. Idan za su ce "haka aka yi", ko da da ɗan murmushin cewa kin iya tsara magana, layin ya tsira. Idan ɗaya daga cikinsu zai juya ya kalli ɗan'uwansa, layin ya faɗi. Kuma a LinkedIn wannan ba zato ba ne, da gaske suna karantawa. A 2012 Jamie Guillory da Jeffrey Hancock na Jami'ar Cornell sun sa ɗalibai rubuta bayanan neman aiki, wasu a takardar da aka saba, wasu a LinkedIn. Jimillar ƙaryar ba ta bambanta sosai ba, amma wurin da take zama ya canza. A LinkedIn an rage ta a kan abin da wasu za su iya tabbatarwa, kamar inda aka yi aiki da nauyin da aka ɗauka, ta ƙaru a kan abin da babu mai shaida, kamar sha'awa da abin da mutum ke yi a lokacin hutu. Mutane sun san ana ganinsu. Mai horar da ke yana so ki yi ƙaryar ne daidai a wurin da shaidu suka fi yawa.

Yanzu mu zauna a kan layin kashi 18 ɗin, don a nan mafi yawan mutanen kirki ke zamewa. Kaɗan ne ke ƙirƙiro kamfanin da ba su taɓa yi wa aiki ba. Zamewar tana faruwa ne a 'yan ƙananan wurare: "muka" ta koma "na", "na taimaka" ta koma "na jagoranta", "na halarci taron" ta koma "na gabatar a taron". Ga yadda zan so in ga naki:

"Ina cikin tawagar mutum shida da ta sake tsara hanyoyin rarraba kaya, aikin da ya rage kuɗin jigila da kashi 18 cikin 100. Ni na ɗauki nauyin tattara bayanan tafiye-tafiyen motoci daga rassa daban-daban, na gyara kurakuransu, na haɗa su wuri ɗaya yadda tawagar ta iya ganin hanyoyin da ake asara a kansu."

Ki lura kashi 18 ɗin yana nan, bai ɓace ba. An ba tawaga abin da yake na tawaga, an ba ki naki, kuma naki ya fito fili fiye da yadda zai fito a layin mai horarwar. Wanda ya san fannin ya san cewa tattara bayanai daga wurare da yawa da gyara su shi ne ke cin mafi yawan lokacin irin wannan aiki, kuma idan aka yi shi da sakaci duk lissafin da aka ɗora a kai ya rushe. Mai neman wanda zai riƙe masa wannan ɓangaren zai tsaya a kan shafinki. Shi kuwa layin "na rage wa kamfani kashi 18" daga ma'aikaciyar shekara huɗu, tambaya yake haifarwa a kan mai karatu: ita kaɗai?

A intabiyu ba na buƙatar wata dabara don gane wanda ya ari aikin wasu. Tambaya uku ko huɗu a kan layi ɗaya sun isa. Wa ya fara kawo shawarar? Kashi 18 ɗin daga wane adadi ne zuwa wane, kuma a cikin wane lokaci? Wa ya ƙi amincewa da farko, yaya aka shawo kansa? Me ya lalace a makon farko? Wanda ya yi aikin da hannunsa sai fuskarsa ta washe, ya shiga ba ki labarin reshen da ke rubuta kwanan wata a juye, ko direbobin da ke shigar da tafiya ɗaya sau biyu, har sai kin tsayar da shi. Wanda ya ara sai amsoshinsa su riƙa gajarta, kuma za ki ji "na" ɗin da ke rubuce a shafinsa ta fara komawa "muka" a bakinsa, daga nan ta koma "aka". Idan na ji wannan sauyin, ba layin kaɗai nake sokewa ba, sauran shafin ma sai na koma ina karanta shi da wani ido.

Abu biyu kafin ki saka adadin. Ki tabbatar kamfaninku bai ɗauke shi a matsayin sirri ba, don yarjejeniyar aiki da yawa tana hana fitar da alƙaluman cikin gida, kuma gaskiyar magana ba ta zama izinin faɗarta. Idan akwai shakka, ki tambayi shugabanki, ko ki bayyana aikin ba tare da adadin ba. Na biyu, ke mai nazarin alƙaluma ce, kin fi kowa sanin ko aikinku ne ya jawo raguwar duka ko kuwa wani abu, kamar saukar farashin mai a wannan shekarar, ya ɗauki wani kaso. Idan haka ne, "ya taimaka wajen rage" ita ce kalmar da ta dace.

Sai taken. "Ƙwararriya", "jagora", "mai hangen nesa", duk kalmomi ne da kowa zai iya bugawa cikin daƙiƙa biyar ba tare da ya biya komai ba, shi ya sa ba su da nauyi. Michael Spence, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2001, ya yi bayanin dalilin tun 1973 a nazarinsa kan kasuwar ɗaukar ma'aikata: alama tana ɗauke da labari ne kawai idan tana da wuyar samu ga wanda bai cancanta ba. Abin da gwani da ɗan koyo za su iya rubutawa iri ɗaya ba ya bambanta su. Ki rubuta abin da kike yi da kayan aikin da kike yi da su: nazarin alƙaluman jigilar kaya, SQL, Excel, Power BI, ko ma wanne ne kike riƙe da shi da gaske. Waɗannan ne kalmomin da ake bugawa a akwatin bincike. Ban taɓa ganin mai ɗaukar ma'aikata ya nemi "mai hangen nesa" a can ba.

Muƙamin da ke ƙarƙashin sunan kamfani kuma wani abu ne daban, a nan babu wasa. Idan kamfaninku yana amfani da wani suna na cikin gida wanda babu mai fahimta a waje, ba laifi ki sa sunan da kasuwa ta sani, muddin bai ɗaga ki sama da matsayinki ba. Amma jami'a ba ta zama manaja don ta riƙe ofis na mako biyu lokacin da manaja ya tafi hutu. Idan aka tuntuɓi tsohon wurin aikinki, kamfanoni da yawa abu biyu kawai suke tabbatarwa: muƙami da ranakun farawa da barin aiki. Su ne kuma abu biyun da mutane suka fi taɓawa, ko a ƙara girman muƙami, ko a ja ranaku don rufe watannin zaman gida. Gara giɓin ya fito. Giɓi ana yin bayaninsa da jimla ɗaya, ranar da aka ja kuwa ba ta da bayani.

Akwai kuma dangin ƙaryar da ke fakewa a bayan gaskiya. Mutum ya yi kwas ɗin mako shida ta intanet daga wata babbar jami'a, ya sa sunan jami'ar a sashen karatu shi kaɗai, ya bar mai karatu ya ɗauka digiri ne. Ko ya sa "Dakta" a gaban sunansa da digirin girmamawa. Ko ya rubuta "wanda ya kafa kuma shugaba" a kan kamfanin da bai wuce suna da tambari ba. Ko lambar yabon da aka biya kuɗi aka karɓa, ko maƙalar da aka biya mujalla ta buga. Idan aka tuhume su sai su ce ai ban ce digiri ba ne. Ba su ce ba, amma sun tsara shafin ne don a ɗauka haka, kuma sun sani. Kwas ɗin nan abin alfahari ne, a rubuta shi da sunansa da tsawonsa.

Dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kan ƙananan abubuwa shi ne ƙarya a tarihin aiki ba ta tsufa. Scott Thompson ya zama shugaban Yahoo a Janairun 2012 bayan ya shugabanci PayPal. Tarihinsa ya nuna yana da digiri a fannin akanta da kimiyyar kwamfuta daga Kwalejin Stonehill, alhali na akanta kaɗai yake da shi. Wannan bayanin ya bi shi daga wuri zuwa wuri har ya shiga takardun da Yahoo ya miƙa wa hukumar kula da hada-hadar hannayen jari ta Amurka. Wanda ya tono shi Daniel Loeb ne, mai hannun jari da ke rikici da hukumar gudanarwar kamfanin a lokacin, kuma a watan Mayu Thompson ya bar kujerar, wata huɗu da hawanta. Babu wanda ya ɗauke shi aiki saboda wannan digirin, shekarunsa na aiki ne suka kai shi can. Marilee Jones ta fara aiki a jami'ar MIT a 1979 da digirorin da ba ta da su, ta yi aiki har ta zama shugabar sashen ɗaukar ɗalibai, ana yaba mata sosai, sannan a Afrilun 2007 maganar ta fito ta ajiye aiki, bayan shekara 28. Ki lura da lokacin da irin wannan ke fashewa. Ba ranar da kike ƙarama babu mai kula da ke ba ne. Sai kin hau, kin samu abin da za ki rasa, kin kuma samu wanda ke da dalilin bin diddiginki.

Game da waɗanda kike gani suna samun gayyata, ba zan ce miki duk ana kama su ba. Da yawa suna wucewa, wasu har su yi ritaya babu wanda ya tambaya. Amma ki sake duba abin da kike gani. Mutanen nan abu biyu suke yi a lokaci ɗaya: suna kumbura kansu, suna kuma bayyana a kai a kai da bayani mai sauƙin fahimta. Ke kin bar duka biyun. A ganina mafi yawan ribar da suke samu daga na biyun take zuwa, kuma shi babu abin da ya hana ki. Sannan gayyatar kike gani, ba kya ganin abin da ke faruwa a ɗakin intabiyu, ko wata uku bayan an ɗauki mutum a kujerar da ta fi ƙarfinsa, yana kwana yana neman wanda zai yi masa aikin da ya ce ya iya.

Akwai kuskure na ɗaya gefen, kuma ina zargin shi ya fi kusa da ke. Mun taso muna jin cewa yabon kai jahilci ne, maganar kuma tana da gaskiyarta. Amma mutanen da suka iya aiki sukan faɗaɗa ta har ta hana su faɗin abin da suka yi. Su ne za ki ji "muka yi, muka yi" daga farkon intabiyu har ƙarshe, sai na tsaya na ce to ke me kika yi a ciki, sannan a hankali ya fito cewa ita ta ɗauki rabin aikin. Wannan ma bayani ne da bai dace da abin da ya faru ba, kuma yana sa a ba wanda bai kai ta ba aikin da ya kamata a ba ta. Bambancin mai sauƙi ne. "Ni haziƙa ce" yabo ne, ki bar wa wasu su faɗa. "Ni na haɗa bayanan rassan wuri ɗaya" rahoto ne, kuma babu wanda ya fi ki cancantar ba da shi.

Yabon kuwa ya fi nauyi a bakin wani. Joseph Walther da Malcolm Parks sun bayyana a 2002 cewa a intanet mutane sun fi gaskata bayanin da mai shi ba zai iya juya shi yadda yake so ba. Don haka shaidar jimla uku daga wanda ya shugabanci aikin nan, yana ambaton abin da kika yi takamaimai, ta fi duk wani take da za ki ba kanki. Ki roƙe shi, ki tuna masa aikin da ranakun, amma ki bar shi ya rubuta da kansa. Musayar "yabe ni in yabe ka" tsakanin mutanen da ba su taɓa aiki tare ba, mai karatun da ya saba yana gane ta daga nesa.

Sai labarin wahalhalu. Masu horarwa suna son sa saboda yana jawo tsokaci da yaɗawa, kuma adadin nan ne abin da za su nuna miki a matsayin sakamakon kuɗinki. Amma yawan masu taɓa alamar so ba shi ne yawan masu son ɗaukarki aiki ba. A Agustan 2022 shugaban wani ƙaramin kamfanin talla a Amurka ya sallami wasu ma'aikatansa, ya ɗauki hoton kansa yana hawaye ya saka a LinkedIn. Hoton ya zaga duniya, da yawa kuma suka yi masa ca, suna cewa waɗanda suka rasa aiki ne ya kamata a yi maganarsu. Wataƙila hawayen na gaske ne. Amma da zarar mutum ya tsaya ya ɗaga waya ya ɗauke su don nunawa, masu kallo sun fara tambayar me ake so a sayar musu.

Ana yawan kafa hujja da cewa nuna rauni yana ƙara farin jini, kuma akwai tushe. A 1966 Elliot Aronson da abokan aikinsa sun sa mutane sauraron muryar mai amsa tambayoyin gasa, wanda a ƙarshe ake jin ya zubar da kofi a jikinsa. Idan mai amsar gwani ne, kuskuren ya ƙara masa farin jini. Idan matsakaici ne, ya rage masa. Wannan rabin na biyu shi ne ba a faɗa miki. Haka lokacin da Johannes Haushofer ya wallafa jerin guraben karatu, ayyuka da tallafin bincike da ya nema bai samu ba a 2016, bisa shawarar da Melanie Stefan ta kawo a mujallar Nature a 2010, duniya ta yaba, amma yana koyarwa a jami'ar Princeton ne a lokacin. Wanda aka riga aka san ƙarfinsa yana iya nuna rauninsa ba tare da asara ba. Ke har yanzu kina gina shaidar ƙarfin ne.

Ki kuma tuna su wa ke karantawa. Alice Marwick da danah boyd, a nazarinsu na 2011 kan masu amfani da Twitter, sun nuna yadda intanet ke tara masu sauraro daban-daban a wuri ɗaya. Abin da kika rubuta kina tunanin ƙawaye, shugabanki na yanzu zai gani, wanda zai yi miki intabiyu bayan shekara biyar zai gani, danginki ma za su gani. Rashin lafiya, matsalar aure, bashi, kusan kullum akwai wani mutum a cikin labarin wanda bai ba da izinin a baza shi ba. Yin shiru a kan waɗannan ba ɓoye gaskiya ba ne, babu wanda ke bin ki bashinsu. Idan kina son rubuta wahala, ki rubuta ta aiki: hanyar da aka gwada ba ta yi ba, dalilin da ya sa, da abin da aka koma yi. Wannan yana amfanar mai karatu, yana kuma nuna yadda kike tunani.

Shirun da yake zama ƙarya shi ne wanda ya shafi shawarar da mai karatu zai yanke. Idan kika yabi wata manhaja ko wani kwas alhali an biya ki, ko kina samun kaso daga duk wanda ya saya, dole ki faɗa. A Oktoban 2022 Kim Kardashian ta biya dala miliyan 1.26 don sasantawa da hukumar hannayen jari ta Amurka, saboda ta tallata wani kuɗin kirifto a Instagram ba ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. Sayen mabiya ma ya shiga wannan layi. Bayan jaridar New York Times ta tona asirin kamfanin Devumi a 2018, hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa a 2019 kan sayar da mabiyan bogi, har da na LinkedIn, sannan a 2024 ta fitar da ƙa'idar da ta haramta saye da sayar da irin waɗannan mabiya da shaidun bogi don kasuwanci.

Wani abin da zan ƙara, don kada tsoron ƙarya ya ɗaure ki wuri ɗaya. Herminia Ibarra ta rubuta a Harvard Business Review a 2015 cewa mutane kan fake da "ni ba haka nake ba" don guje wa sabon nauyin da bai riga ya zame musu jiki ba. Yin rubutu a bainar jama'a zai yi miki baƙo da farko, za ki ji kamar kina kwaikwayon wata. Wannan jin ba shaidar ƙarya ba ne, rashin sabo ne. Kina iya tsara shafinki ya fuskanci inda kike son zuwa, muddin kin kiyaye lokacin aikatau: "ina koyon", "ina neman damar shugabantar", "na fara". Abin da kika sa a matsayin wanda ya riga ya faru, ya zama ya faru.

Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 mutane da yawa ke ba ƙirƙirarriyar basira shafinsu ta gyara. Ban ga laifi ba a ta gyara miki jimla ko ta taƙaita. Ki dai karanta abin da ta dawo da shi kalma bayan kalma, domin halinta ne ta ƙara gishiri, ta mayar da "na taimaka" zuwa "na jagoranta", wani lokaci ta saka adadin da ba ki ba ta ba. Duk abin da ya fita da sunanki naki ne. Hoto ma haka: a gyara haske ba laifi, amma ya zama idan aka buɗe kyamara ranar intabiyu za a gane ki. A 2022 Renée DiResta da Josh Goldstein na Jami'ar Stanford sun gano shafuka fiye da 1,000 a LinkedIn masu hotunan fuskokin da kwamfuta ta ƙirƙira, kuma a 2023 LinkedIn ya fito da hanyoyin tabbatar da mutum ta katin shaida ko imel ɗin wurin aiki. Idan akwai wannan dama a ƙasar da kike, ki yi amfani da ita.

Idan kin riga kin saka wani abu daga abin da mai horarwar ya rubuta, ki gyara shi yau ba tare da sanarwa ba, akwai maɓallin da ke hana LinkedIn shaida wa abokan hulɗarki cewa kin sauya wani abu. Sannan ki bi sawun inda bayanin ya riga ya tafi: CV ɗin da kika tura wa kamfanoni, shafukan neman aiki da kika yi rajista, ɗan tarihin da kika ba masu shirya wani taro, shafin ma'aikata na kamfaninku. Muƙami, ranaku da karatu su zama iri ɗaya a ko'ina, don masu tantancewa suna jera su gefe da gefe. Inda ba ke ke riƙe da shafin ba, ki aika wa mai shi saƙon layi biyu da sabon bayanin ki roƙi a musanya.